Ranar da Elhaji Gambo Ya Raba Filaye

Tun da na ajiye aiki abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har da sunayen mutanen da muka yi shekaru muna shan shayi tare a bakin biron filaye da gine-gine, wato ofishinmu. Amma ranar da Elhaji Gambo ya wayi gari ya fi kowa kyauta a Agadas, wannan kam tana nan daram. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, shi zan ba ku, don ku ma irin mutanen nan za ku yi ta gani har ku tsufa a kan kujerun nan.

A lokacin ni ajan ne mai fita duba filaye. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ni ne wanda ake ɗaure wa dosiye, kundin takardu ke nan, a bayan moto, wato babur, in je in ga ko filin da aka rubuta yana nan a ƙasa, ko duwatsun iyaka suna inda aka ce, ko wanda aka ce shi ne mai fili mutum ne mai numfashi. A samana akwai shef ɗin sashenmu, Madam Hadiza, mace mai sanyin magana wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. In ta yi maka murmushi ta ce "madalla", to ka koma gida ka sake duba takardunka.

Shekarun ne da zinari ya buɗe a daji. Gari ya cika ya batse. Duk wanda ya dawo daga ramuka da wani abu a aljihu sai ya sayi fili ya fara zuba siminti. Gidaje na tsirowa a bayan gari, amma tiyon ruwa yana nan inda aka bar shi tun gari yana ƙarami. Matan unguwannin baya a wurin masu amalanken jaki suke sayen ruwa, bido-bido, wato jarka-jarka. In damina ta zo kuma ruwa ya gangaro daga duwatsu, ta tsakar gidajen mutane yake bi, don babu magudana.

Shi ya sa aka aza wani kuɗi a kan masu manyan gine-gine. Ƙa'idar ba ta da wuya. In ka sayi babban fili ka yanka shi farsel-farsel, wato ƙananan filaye, don ka gina ka sayar ko ka sa haya, sai ka biya wani kaso kafin a ba ka izinin gini. Kuɗin ba ya shiga babbar tukunya. Daban ake ajiye shi, don jawo tiyo da haƙa magudana da share hanya a unguwar da ka ƙara wa nauyi. Mutum ɗaya mai gina gidan da zai kwana a ciki da iyalinsa, shi ba ruwansa da wannan kuɗi. Mu muna ce masa kuɗin unguwa. Masu biya suna ce masa sabon lanho, wato haraji, in kuma ba ma kusa suna da wasu sunayen da ba zan maimaita ba.

Elhaji Gambo mutumin kudu ne. Ya zo daji da buhu ɗaya da injin neman zinari na aro, Allah ya ba shi. Lokacin da nake ba ku labari yana da ramuka, yana da motocin kai ruwa da abinci daji, yana da mutane masu yawa da ke ci a ƙarƙashinsa. Ya sayi wani makeken fili a gabas da gari daga hannun wasu magada, kuma kowa ya san abin da zai yi da shi, don da bakinsa yake faɗa a majalisa: gidajen haya layi-layi, da butik-butik a bakin hanya. An riga an sauke siminti da ƙarafa.

Da na je duba iyakar filin karon farko, wata dattijuwa daga unguwar da ke maƙwabtaka ta tsaya tana kallona ina jan igiyar awo. Ta ajiye bidonta ta kira ni yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, ta ce, "Mushe, gidajen nan da za a yi, da ruwansu za su zo, ko namu da babu za mu raba da su?" Na ce mata akwai tsari. Mu ma'aikata haka muke cewa in ba mu da amsa.

Da aka gaya wa Elhaji maganar kuɗin unguwa, ya zo biro da kansa. Ya zauna ya saurari Madam har ta gama, sannan ya ce, "Hajiya, ni fa ruwa saya nake ina sha, a daji ma haka. Wanda ke son pompo ya jawo abinsa. Amma in lada kuke nema, in gina masallaci a unguwar, mai hasumiya, mu bar wannan magana."

Madam ta ce, "Allah ya ba da iko, Elhaji. Masu sallar da me za su yi alwala?"

Ya tashi ya fita, ya bar mana ƙamshin turare da ya kwana a ɗakin.

Bayan kamar wata guda sai ga Mushe Lawali. Shi tsohon abokin aikinmu ne, ya bar biro ya koma bi wa masu kuɗi takardu. Ya san kowace ƙofa a ginin nan, ya san wadda ke ƙara in an buɗe ta. Ya shigo rungume da dosiye talatin da ƴan kai, ya jibge a gaban Madam, ya gyara tabarau, ya yi mana bayani da Faransanci mai kyau, irin wanda ake yi in ana son kada a gane. Elhaji, in ji shi, ya fasa gina gidajen haya. Allah ya taɓa zuciyarsa. Ya raba filin kaf ga ma'aikatansa na daji, kyauta, fisabilillahi, kowa farsel guda, don kowa ya gina ɗan gidan da zai sa kansa. Ga takardun kyauta, ga sa hannun shaidu, ga katin kowa. Tunda kowannensu mutum ɗaya ne mai gina gidan kwanansa, "donc, Madame," babu maganar kuɗin unguwa.

Ina tsaye a gefe raina na tafasa, don dabarar a fili take. A gina gidajen da sunan ma'aikata, in an gama su mayar wa Elhaji ɗaya bayan ɗaya da sunan ciniki, unguwa ta tashi ba ko dala. Na buɗe baki zan yi magana, Madam ta ɗaga mini yatsa ɗaya.

Ta buɗe dosiye na farko ta karanta har ƙasa. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Takardun babu aibu, ai a wurinmu Lawali ya koyi aiki. Ta rufe, ta dube shi, ta yi murmushi. "Madalla. Mushe Lawali, tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin alheri irin wannan ba. Ka gaishe mini da Elhaji. Ka ce masa mun karɓa."

Lawali da shirin gardama ya zo, har da littafin dokoki ya ninke wani shafi. Ya rasa inda zai sa shi. Ya ce to, in takardun mallaka sun fito shi zai zo ya kwashe su gaba ɗaya, don kada a wahal da talakawa.

"Ba wahala," in ji Madam. "Ka san ƙa'ida, kai ka koya wa Haruna ita." Haruna ni ne. "Mai fili yana tsayawa a kan filinsa, ajan ya gan shi, a karanta masa abin da ke cikin takarda da harshen da yake ji, a damƙa masa a hannunsa. Ni ma zan zo. Irin wannan abin alheri ba a yin sa da aike."

Yana fita na ce, "Madam, kin san fa ƙarya ce."

Ta ce, "Haruna, kana da takardar da ta ce ƙarya ce?"

Na ce babu.

"To ni ga tarin da suka ce gaskiya ce. Mutum ya ce ya yi kyauta, ni wace ce da zan ƙaryata shi? Taya shi murna za mu yi."

Ban san ta inda labarin ya fita ba. Ni dai na san na faɗa wa mai shayin bakin biro, don ba a ce mini sirri ba ne, shi kuma ko sukari ba ya iya riƙewa balle magana. Kafin Juma'a kasuwa ta ɗauka. Direbobin kamiyo, manyan motocin dakon albasa, suka tafi da shi Tabelot, suka dawo da shi ya ƙara ƙiba: wai har ƙofofi da tagogi Elhaji zai sa wa kowa. Ran Juma'a limamin unguwar su Elhaji ya kawo shi misali a huɗuba, Elhaji na zaune a sahun farko, mutane na leƙowa suna kallonsa. An ce mini ya sunkuyar da kai, jama'a suka ce tawali'u ne. Da la'asar ƙofar gidansa ta cika da masu zuwa sa albarka, kowanne in ya shafa addu'a sai ya tambaya ko akwai sauran farsel.

A cikin satin nan salular Madam ba ta huta ba. Manya ne ke kira, waɗanda Elhaji ke kai wa gaisuwar salla, suna cewa a sassauta wa bawan Allah, kada a sa masa ido. Ina jin ta tana amsawa, "Ranka ya daɗe, wa ya ce na hana? Na karɓi komai, ban mayar da ko ɗaya ba." Sai mai kiran ya rasa abin da zai roƙa. Lawali kuwa ni ya tare a bakin hanya, ya ce ai ba sai na sha rana ba, in sa hannu kawai cewa na ga mutanen, shi zai zuba mini mai a moto. Na ce masa na gode, amma a motar Madam zan tafi.

Ranar raba takardu, an kawo mutanen daga daji a bayan motoci. An saya musu riguna iri ɗaya, sabbi, ko ninkinsu bai warware ba. Lawali ya tsayar da kowa kusa da dutsen iyakarsa kamar an dasa su. Mafi yawansu daga kudu suke, wasu daga ƙetaren iyaka, hannuwansu duk sun tsattsage. An koya musu magana ɗaya: in an tambaye ka, ka ce "nawa ne", in an ba ka takarda ka miƙa wa Mushe. Abin da Lawali bai shirya masa ba shi ne jama'a. Matan unguwar maƙwabta sun fito, mai unguwa ya zo an biyo shi da kujera, liman ya zo, maroƙa biyu sun zo ba wanda ya gayyace su, ga wani ɗan rediyo da mikro. Elhaji ya iso a babbar motarsa kat-kat, ya ga taron, ya so ya yi zamansa a mota. Maroƙa ba su bar shi ba.

Muka fara. Ni in kira suna, mutum ya ce "nawa ne", Madam ta karanta masa takardar da Hausa, sannu a hankali, yadda na baya ma za su ji. "Wannan fili daga yau naka ne. Elhaji Gambo ya ba ka, bai bar wa kansa komai a ciki ba. Kana iya ginawa, kana iya sayarwa, in ka mutu ƴaƴanka su gada. Babu mai karɓe shi sai da yardarka, ko da shi wanda ya ba ka ne. Ka gane?" Na farko ya ce ya gane, bai gane ba. Na bayansa ya dubi takardar, ya dubi Elhaji. Da muka yi nisa sai na lura sun daina amsawa da sauri, kuma in an miƙa musu takardar, hannun Lawali yana nan a miƙe, amma cikin riga suke cusa ta.

Farsel na ƙarshe shi ne na kusurwa, a bakin babbar hanya, inda Elhaji ya yi niyyar sa butik-butik da babbar ƙofar shiga. Shi ya fi kowanne daraja, don haka Lawali ya rubuta shi da sunan wanda ya tabbata ba zai ba da matsala ba, wato Tanko mai gadin siminti. Tanko ya manyanta, gemunsa ya fara fari. Yana cikin waɗanda suka fara haƙa wa Elhaji tun yana da rami ɗaya. Ramin ya rufta da shi, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa, Elhaji ya saya masa sanduna ya ba shi gadi. A wata bukkar tabarma yake kwana, nan cikin filin, a gindin buhunan siminti.

Na kira sunansa. Na ce, "Malam Tanko, filin nan na wane ne?"

Ya ce, "An ce in ce nawa ne."

Lawali ya yi dariya mai ƙarfi, ya ce tsohon nan akwai barkwanci. Madam ba ta yi dariya ba. Ta karanta masa takardar kamar sauran, ba ta tsallake komai ba. Da ta gama, Tanko ya gyara tsayuwa a kan sandunansa, ya juya wajen Elhaji, ba wajenmu ba.

"Elhaji, abin da Hajiya ta karanta, haka ne?"

Ku tuna ga mai unguwa, ga liman, ga mata, maroƙa sun yi tsit suna jiran abin da za su ɗauka, mikro kuma na daf da gemun Elhaji. Ya ce, "Haka ne, Tanko."

"Har ga Allah?"

"Har ga Allah."

"To na gode. Allah ya saka da alheri." Ya ninke takardar ya sa a cikin hula, ya mayar da hular kansa. Mata suka rangaɗa guɗa, maroƙa suka ɓarke. Elhaji ya sa hannu a aljihu ya sallame su kuwa, don ba yadda zai yi. Ban taɓa ganin mutum yana shan yabo kamar mai shan maganin ɗaci ba sai ranar.

Washegari ko shara ba a gama ba sai ga Elhaji a biro, ba Lawali, ba turare. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Hajiya, kin kashe ni."

"Subhanallahi, Elhaji. Ni da na je taya ka murna?"

"Ki bar wannan. Yaya ake warware abin nan?"

Madam ta yi masa bayani dalla-dalla. Kyauta ta riga ta zama kyauta. Amma wanda aka ba yana iya mayarwa in ya ga dama, da sharaɗin ya zo da kansa ya faɗa a gabanmu, ba Elhaji a ɗakin, ba Lawali a taga. In filayen suka koma hannu ɗaya kuma, mai hannun ya zama mai babban gini, sai ya biya kuɗin unguwa kafin ya aza tubali ɗaya. Wannan ban da kuɗin sake takardu, wanda zai biya karo na biyu ke nan.

Sai Elhaji ya tambaya ko ana iya karɓar kuɗin unguwar yau-yau, a riƙe masa, kada wani abu ya sake faruwa. Madam ta ce ba a karɓar kuɗin unguwa daga wanda ba shi da fili.

Sashen da ya biyo baya shi ne wanda ba na jin daɗin tunawa. Ni aka sa in zauna da ma'aikatan da ke zuwa mayar da filayen. Suna shigowa ɗaya-ɗaya, cikin rigunan nan da suka fara datti. In ce, "An tilasta maka?" A ce a'a. In ce, "Ka san in ka ƙi babu mai taɓa ka?" Sai mutum ya yi mini irin kallon da ake yi wa mai albashi. Ɗaya ya ce, "Mushe, fili ba ya dafuwa. Gobe mota za ta koma daji, in ba na ciki me zan aika gida?" Wani ya ce shi ba ɗan ƙasar nan ba ne, in ya yi rigima da Elhaji wa zai tsaya masa. Wani dogo mai suna Sabi'u ya roƙe ni in bar shi ya ɗauki hoton takardar da salularsa kafin ya miƙa, zai aika wa tsohuwarsa ta ga sunansa a kan fili. Na riƙe masa ita ya ɗauka. Na ji daga baya cewa ba wanda ya fita hannu wofi, kuma waɗanda suka yi nawar zuwa sun fi samu, har da ƙarin kaso a rami, don sun gane da wuri cewa jinkiri ma yana da farashi. Wannan ne karo na farko da Elhaji ya zauna ciniki da mutanen da ke shiga masa ƙarƙashin ƙasa.

Tanko bai zo ba. Aka aika masa mota, ya ce yana gadi. Aka ce an sallame shi daga gadin, ya ce to yanzu nasa yake gadi. Lawali ya je da Faransancinsa, ya dawo da shi. Aka tura masa dattawan garinsu, ya dafa musu shayi, ya raka su bakin hanya. Daga ƙarshe Elhaji ya nemi alfarma a aika ajan ya yi masa bayani, wai ƙila bai fahimci abin da ake ciki ba. Madam ta ce in je in gaya masa haƙƙinsa duka biyu, na riƙewa da na mayarwa, kada in ƙara kada in rage.

Na same shi da hantsi. Ya ɗauke bukkarsa daga gindin siminti ya kafa a tsakiyar farsel ɗinsa, ya kewaye da ƙaya. Na gaya masa abin da aka aiko ni. Na kuma isar da saƙon Elhaji, cewa zai ba shi wani fili can ciki, da kuɗi a kai, da gadinsa.

Ya ce, "Mushe Haruna, ai kana wurin. Na tambaye shi a gaban liman, na ce har ga Allah, ya ce har ga Allah. In na mayar, na mai da shi maƙaryaci a gaban Allah da mutane. Ni ba zan yi wa ubangidana haka ba."

Na dube shi in ga ko wasa yake. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya zuba mini shayi, ya jira na kurɓa, sannan ya ce, "Ƙafata tana cikin raminsa. Ban taɓa aika masa ya maido ba."

Na koma biro na rubuta cewa mai fili ya fahimci haƙƙinsa sarai.

Elhaji ya yi barazanar zuwa gidan shari'a, har wani ya tuna masa cewa in ya je, da bakinsa zai gaya wa alƙali takardun da ya sa wa hannu a gaban shaidu na ƙarya ne, ga kuma muryarsa a rediyo tana rantsuwa. Ya haƙura. Ya biya kuɗin unguwa a kan sauran filayen. Aka sake zanen wurin, babbar ƙofa ta koma wani lungu da kamiyo ba ya iya juyawa. Lawali kuwa aka daina ganinsa a gaban motar Elhaji, ya ɗauki lokaci yana gaishe mu daga nesa.

Ba a daɗe ba takarda ta zo an yi wa Madam Hadiza ƙarin girma, an tura ta can Kawar, wajen Segedin, inda fili ya yi yawa har ba mai rigima a kansa. An ce mana wannan ba shi da alaƙa da komai, mu ma ba mu tambaya ba. Ta tattara kayanta a kwali biyu, ta yi sallama da kowa har mai shara, ta tafi.

Kada ku ɗauka an yi abin al'ajabi da kuɗin. An jawo tiyo daga babban layi, an kafa pompo a bakin hanya, an haƙa magudana har rabin unguwa, kuɗi ya ƙare, sauran rabin aka bar wa Allah da damina. Hanya kuwa aka zuba jar ƙasa aka ce gudro, wato kwalta, na tafe, ina jin har yanzu yana hanya. Amma mata sun daina jiran jaki kafin su dafa abinci, kuma wanda bai taɓa ɗaukar bido a ka ba ne kawai zai raina wannan.

Ranar buɗe pompon aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Wa kuke tsammani aka miƙa wa almakashi? Elhaji Gambo. Ya yi jawabi, ya ce tun ranar da ya sa ƙafa a garin nan matsalar ruwa ke hana shi barci, kuma yana kira ga sauran masu hali da su yi koyi da shi, su biya kuɗin unguwa ba sai an bi su ba. Aka tafa. Ni ma na tafa, don a layin gaba aka zaunar da ni. Abin dariyar shi ne jawabin ya yi aiki. A cikin watan wasu masu gini suka zo da kansu suka biya, don kada a ce Gambo ya fi su, kowanne kuma yana tambaya ko shi ma za a kafa masa rumfa.

Tanko ya ba mai facin taya hayar gaban farsel ɗinsa, wata mai abinci ta kama gefe, da wannan ya gina ɗaki ɗaya na ƙasa, ya ɗauko matarsa daga kudu. In Elhaji ya kawo baƙi su ga unguwarsa, sai ya rage gudu a kusurwar, ya sauke gilashi, ya nuna musu: "Wancan ni na ba shi fili." Tanko ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwa.

Abin da na koya shi ne, mutanen da ke zuwa biron nan babu wanda ke ƙin ruwa, babu mai ƙin hanya. Biya ne ba sa so, kuma mutum zai kashe ninkin abin da aka tambaye shi don kawai kada ya biya. Na kuma koyi cewa dokar da muke taƙama da ita tana iya sa attajiri ya buɗe aljihu, amma ba ta iya sa talaka ya riƙe abin da ta ba shi. Mutanen nan sun yi ƴan kwanaki da fili, suka koma rami, mu kuma muka ce mun yi nasara. Ku dai, in an kawo muku takardar da kuka san ƙarya ce amma ba ku da hujja, kada ku yi faɗa, kada ku ɗaga murya. Ku hau moto ku je wurin mutumin da aka rubuta sunansa, ku karanta masa ita da harshen da ya sha a nono, a hankali, har ƙarshe. Mafi yawa za su gyaɗa kai su tafi. Amma ku karanta, don ba ku san wane ne a cikinsu ke saurare ba.